Fim Kan Ƙuruciyar Abubakar Imam: Kada A Cike Gurbi Da Ƙage

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani al'amari da ya faro a zaurena a nan Gusau, amma nake ganin ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe littafin Hausa a aji.

Ni tsohon malamin Hausa ne, na fara koyarwa a makarantun sakandare tun Zamfara tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ba mu jiha a 1996. Makonni kaɗan da suka wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake harkar fim tsakanin Kano da Kaduna, ya zo ganin mahaifiyarsa, sai ya biyo ta wurina bayan la'asar. Da muka gaisa ya ci gyaɗar da aka kawo masa, sai ya zaro wasu takardu daga jaka ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam, ga abin da ya hana ni barci shekara guda. Ina so ka duba mini, don a bakinka na fara jin sunan mutumin nan." Da na sa tabarau na duba, sai na ga labarin fim ne a kan ƙuruciyar marigayi Alhaji Abubakar Imam, daga shigarsa Kwalejin Katsina zuwa lokacin da ya zama marubucin da muka sani.

Ban ɓoye masa farin cikina ba. Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara talatin, idan aka ƙirga daga 1990 da aka fara fitar da finafinan bidiyo a Kano, kuma littattafan marubutanmu na daga cikin abubuwan da suka raine ta, domin da yawa daga finafinan farko daga littattafai aka ɗauko su. Saboda haka ya dace masana'antar ta waiwayi wanda ya share wa rubutun zube hanya. Na ce ya bar mini takardun in kwana da su.

Shafukan farko sun gamsar da ni ƙwarai. Yaro ɗan malamai daga Kagara ya iso Katsina, ana gwada masa Turanci, yana kewar gida. Amma ina isa shafi na goma sha huɗu sai ga wata yarinya ta ɓullo, 'yar wani attajiri, ta aiko ƙanwarta da fura ƙofar makaranta. Daga nan har ƙarshen labarin ita ce ta mamaye komai. Ubanta ya ƙi malamin makaranta don ba shi da dukiya, an ɗaura mata aure da wani, saurayi ya kwanta ciwo, kuma baƙin cikin rabuwar ne wai ya sa ya ɗauki alƙalami. Har da waƙa guda biyu a lambu. Washegari da ya dawo na tambaye shi inda ya samo wannan yarinya, a wane littafi ko a bakin wane dattijo. Ya yi murmushi ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, ai ni na sa ta. Idan babu soyayya wa zai kalla? Mutum yana zaune yana rubutu, minti biyu an canza tasha. Kuma furodusa ba zai zuba kuɗinsa ba."

Ba zan ce maganarsa ba ta da tushe ba, kuma wannan ne ya sa nake rubuto maka maimakon in tsaya ga faɗan da na yi masa. Rubutu aiki ne da ba shi da motsi. Manomi yana huɗa, maƙeri yana dukan ƙarfe, ɗan dambe yana kai naushi, duk kamara tana da abin ɗauka. Marubuci kuwa kansa a sunkuye yake, abin da ke gudana yana cikin ƙwaƙwalwarsa. Duk wanda ya tashi yin fim a kan marubuci sai ya ci karo da wannan matsala, kuma mafi yawansu hanyar da ɗalibina ya bi suke bi, har da waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki nesa ba kusa ba.

Shi da kansa ya kawo mini misalin da ya dogara da shi, wato fim ɗin da Turawa suka fitar a 2007 a kan ƙuruciyar Jane Austen, marubuciyar Ingila da aka haifa a 1775 ta rasu a 1817, wadda ta bar littattafai shida da har yau ake karantawa. Abin da tarihi ya tabbatar game da soyayyar da aka gina fim ɗin a kanta bai taka kara ya karya ba. A farkon 1796, tana da shekara 20, ta rubuta wa yayarta Cassandra wasiƙu inda ta ambaci wani saurayi ɗan Ailan mai karatun lauya, Tom Lefroy, da suka haɗu a wuraren biki suka yi rawa, ta kuma yi ba'a a kan yadda ake tsokanarsa da ita. Ba da jimawa ba ya bar yankin, ya auri wata, daga baya ya zama babban alƙalin Ailan. Ita kuwa ba ta taɓa aure ba. Daga waɗannan 'yan layuka masu fim suka gina doguwar soyayya, har suka nuna su biyun sun shiga keken doki za su gudu su yi aure, ita ta fasa a hanya, abin da babu wata takarda da ta nuna ya faru. Suka kuma bar mai kallo da fahimtar cewa wannan rabuwa ce ta haifi littattafanta.

Na ce wa ɗalibina ya lura da abu biyu. Na farko, su Turawan suna da ɗan abin fakewa, domin bayan rasuwar marubuciyar yayarta ta ƙona mafi yawan wasiƙunta, abin da ya tsira bai wuce kimanin 160 ba, don haka akwai babban gurbi da kowa yake cikewa da hasashensa. Kuma lokacin da aka yi fim ɗin ta yi shekara 190 a kabari, ba ta bar ɗa ko jika ba. Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu a Zariya. Zuriyarsa suna nan, akwai dattawan da suka zauna da shi suka ji muryarsa, kuma ya bar tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989. Na biyu, a wurinmu maganar mutum da 'yar wani ba abin wasa ba ce, ko da sunan yarinyar ƙirƙirarre ne. A ce an nuna ɗan gidan malamai yana kewaya lambu da budurwa suna rera waƙa, a sa masa sunan mutumin da jikokinsa za su kunna waya su gani, wannan ya wuce adon labari, ya shiga taɓa mutunci.

Akwai kuma wata ɓarna da ni a matsayina na malami ta fi damuna. Gani ya kori ji. Na sha ganin yadda ɗalibi yake amsa tambayar jarrabawa da abin da ya gani a fim, ya bar abin da ke cikin littafin da aka ɗora masa. Idan wannan fim ya fita ya karɓu, to nan da shekara goma yarinyar furar nan za ta shiga tarihin adabin Hausa da ƙafarta, za a same ta a takardun amsa, wataƙila har a kundin digiri na wani malalacin ɗalibi, kuma babu malamin da zai iya fitar da ita.

Abin takaicin shi ne ainihin labarin ba ya bukatar wannan ciko ko kaɗan. A duba abin da ke hannu. An haifi Imam a 1911, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya fita a 1932. A shekarun nan makarantar tana ɗauke da wani saurayi daga Rabah mai suna Ahmadu, da wani daga Bauci mai suna Abubakar, waɗanda daga baya suka zama Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya. Mai fim da ya san aikinsa ba zai rasa abin yi da irin wannan zama ba. Da Imam ya gama aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 wani Bature, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ya zagaya garuruwa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko don a sami abin karantawa. East ya rubuta da kansa cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa wannan aiki ne da ya dace da mai ilimi. A ganinsu rubutu na addini ne da tarihi da waƙoƙin wa'azi, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare. To ga matashi ɗan shekara 22, wanda ya taso a gidan da ake girmama tawada da allo, ya zauna zai rubuta abin da ya san bai faru ba, ya kuma sa sunansa a kai. Me ya ji a ransa? Me abokan aikinsa suka ce? Wannan shi ne rikicin da fim yake nema.

Ba a nan ya tsaya ba. A wannan gasar rubutu da East ya shirya, wadda Imam ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja, akwai yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kusan shekara ashirin, shi ma ya shigar da nasa littafin, Ganɗoki. Akwai kuma tsohon abokin karatunsa na Bauci da nasa littafin, Shaihu Umar. Wa da ƙane a fage guda, a al'adar da ƙane ba ya haɗa kafaɗa da wansa, ina ganin wannan ya fi kowace soyayyar lambu nauyi, kuma za a iya nuna shi da kallo da shiru da yadda ake miƙa gaisuwa, ba tare da an ƙaga musu gaba ko husuma ba.

Sai kuma zamansa da East, wanda ni a wurina shi ne zuciyar labarin. Bayan Ruwan Bagaja ya fito a 1934, East ya nemi a ba shi aron matashin malamin, ya zo Zariya a 1936 ya yi wata shida. An tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya narka su, ya fito da Magana Jari Ce littafi uku. Imam ya faɗa a tarihinsa cewa East ya koya masa ƙa'idoji na abin da ake yi da wanda ba a yi, daga ciki har da kada a bar mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙagaggen labari. A zauna a yi tunanin wannan ɗaki. Baturen mulkin mallaka da ya ƙware a Hausa, da Bahaushen da ya ƙware a Turanci kuma yake da Larabci tun daga gida, kowa yana ganin ya san abin da Bahaushe zai so ya karanta. Wa yake koyar da wa? Ina ladabi ya tsaya, ina gardama ta fara? Yaya labarin da aka haifa a wata ƙasa mai nisa yake sa rawani da babbar riga har mai karatu a Talata Mafara ya rantse a bayan garinsu abin ya faru? Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan aro, wasu suna ganin gwaninta ce, wasu suna ganin an wuce gona da iri, kuma fim mai gaskiya zai bar mai kallo ya shiga muhawarar da kansa.

Game da cewa rubutu ba ya kalluwa, na nuna wa ɗalibina cewa maganin yana cikin littafin da yake magana a kansa, wato Ruwan Bagaja. Idan jarumi ya tsoma alƙalami a kwalbar tawada a gaban fitilar ƙwai, sai kamara ta bi shi cikin kansa, mu ga Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna shirya wa juna tuggu a kasuwa. Idan ya soke layi, sai mu ga an mayar da su baya sun sake maganar ta wata fuska. Idan barci ya ɗauke shi, su tsaya cak suna jiransa, ko Zurƙe ya juyo ya yi masa gorin cewa kullum shi ake kayarwa. Ga ban dariya, ga motsi, ga kasada, kuma duk daga abin da marubucin ya rubuta da hannunsa. Ba ƙaramin abu ba ne ma cewa ya sa wa tauraron littafinsa sunan Imam, ya kuma ce ɗan Kwantagora ne, ƙasar da shi kansa ya fito. Saurayin da ya yi haka yana gaya mana wani abu game da kansa, kuma wannan ne ya kamata darakta ya tona.

Ban ce kada a ƙirƙiri komai ba. Babu wanda ya naɗi hirar da aka yi a ɗakin malamai na Makarantar Midil a 1933, dole mai rubutun fim ya sa wa mutane magana a baki, ya haɗe ɗalibai uku su zama ɗaya, ya matse abin da ya ɗauki shekara ya koma dare guda. Wannan sana'a ce, kuma mai kallo ya san da haka. Iyakar da nake gani ita ce kada a ƙagi dalilin da ya sa mutum ya zama abin da ya zama, kada kuma a jingina masa abin da zai sa iyalinsa su sunkuyar da kai. Idan akwai labarin aurensa da zuriyarsa suka yarda a nuna, su ne za su bayar da shi. Wanda kuma ya ga lallai sai da budurwa da waƙa, hanya a buɗe take, ya canza suna, ya ce labarin wani malamin makaranta ne na zamanin Turawa, babu mai ce masa uffan. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ci kasuwa da sunan Imam, a kuma ƙi ɗaukar nauyin da sunan yake tafe da shi.

Sauran gyare-gyaren da na yi masa ƙanana ne, amma su ne suke tona asirin fim ɗin tarihi. A takardun nasa an biya kuɗin mota da naira, alhali naira sai 1973 ta zo, lokacin da ake magana fam ne da sule da kwabo da anini. Ya rubuta cewa jarumi zai sa shadda mai maiƙo da hula Zanna Bukar. Kowa a labarin kuma Kananci yake yi irin na matasan yau, har da ɗan Rabah, wanda ko kurma ya san da Sakkwatanci ya tashi. Mu nan Zamfara da muke jin yadda ake kwaikwayon harshenmu a finafinai don a ba mutane dariya kawai, za mu so a ce sau ɗaya an sa shi a bakin mutum mai daraja, an kuma yi shi daidai. Wurin ɗauka ma aiki ne. Masu fim ɗin Jane Austen ba su ɗauke shi a yankin da ta rayu a Ingila ba, Ailan suka tafi, inda suka sami gidaje da karkara da zamani bai canza su sosai ba. Mu ma rufin kwano da turakun lantarki da ledar da ta maƙale a kowace ƙaya za su kore mu daga wurare da yawa, kuma ƙauyukan da suka rage da ginin ƙasa a wannan yanki namu, halin tsaro bai bar kowa ya kai kamara cikinsu ba. Duk da haka ginin tsohuwar Kwalejin Katsina yana nan tsaye, an mai da shi gidan tarihi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya bar tsofaffin tashoshi da za su yi amfani. Kuma tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim da sutura da mahalli na zamanin da, lokacin da babu ko ɗaya daga kayan aikin da yaran yanzu suke riƙe da su a tafin hannu.

Na kuma tuna masa cewa ko a nan Gusau akwai irin wannan labari, domin Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980 ya buɗe wa mata marubuta ƙofa, ta yi shekaru masu yawa a garin nan. Duk wanda zai taɓa labarin irin waɗannan mutane, sallama a ƙofar gida ita ce aikin farko, kafin a nemi furodusa.

Ɗalibina bai ji daɗin maganata ba a ranar, na ga haka a fuskarsa. Ya ce, "Malam, ka rushe mini rabin labari." Na ce masa, "Ɗana, rabin da na rushe ba naka ba ne, ba kuma na Imam ba ne, na finafinan Indiya ne." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tattara takardunsa. Bayan kwana huɗu ya bugo mini waya daga tasha, ya ce ya fasa wucewa Kano kai tsaye, zai sauka Zariya ya nemi wanda zai yi masa iso wurin iyalin marigayin, daga nan ya shiga ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya ƙara da cewa bai yi alkawarin cire waƙoƙin duka biyu ba, kuma har yanzu bai san abin da zai gaya wa mai kuɗin ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, da masu karatun wannan jarida, shi ne duk wanda yake da tsohon hoton Kwalejin Katsina ko na Makarantar Midil na shekarun 1930, ko tsohon bugun waɗannan littattafai, ko kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko-farko, jaridar da Imam ya zama editanta a 1939, ko kuma dattijon da ya yi aiki da shi a Zariya yake da abin faɗa, ya sanar ta hannun wannan jarida. Ni zan ɗauki nauyin isar da saƙon ga yaron. Na riga na ba shi aron nawa kwafin Ruwan Bagaja, wanda bangonsa ya rabu na ɗinke da zare, da sharaɗin ya dawo mini da shi kafin azumi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin Hausa,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.